Kwana Ukun da Tsoma Bai Je Ƙofa Ba

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa kada wani ya ce sharri na yi masa. Tsoma ake kiransa. Ba shi ne sunansa na yanka ba, bakinsa ne ya jawo masa. Shekara ashirin da uku ya yi a tsaye a ƙofar gonar kaji, kuma duk wanda ya zo shiga kalma ɗaya yake ji daga gare shi: "Tsoma." Wato ka sa ƙafarka cikin kwamin magani kafin ka taka ƙasar gonar. Sunan ya bi shi har gida. 'Ya'yansa ma in aka tambaye su na gidan wa ne, sai su ce gidan Tsoma.

Tun yana yaro haka yake, abu ɗaya za a gaya masa ya riƙe shi kamar da shi aka haife shi. Mahaifiyarmu ta taɓa cewa ya tsare mata shanyar hatsi kada awaki su ci, ta tafi unguwa. Ruwa ya sauko. Yaron nan ya tsaya yana korar awaki, hatsi na jiƙewa a gabansa. Da ta dawo tana salati sai ya ce ai ba ta ce ya kwashe ba. Da ya girma ya yi dako, ya yi leburan gini, sannan aka buɗe gonar aka ɗauke shi gadi. Mai gona ya lura da halinsa, ya ce irin wannan kan ake so a ƙofa.

Gonar ba ta kajin nama ba ce. Iyayen kaji ake kiwo, su yi ƙwai, a jera ƙwan a injin ƙyanƙyasa, bayan mako uku 'yan tsaki su fito. Ranar da suka fito ranar ake zuba su a kwali mai huji-huji, a loda a mota, a tsallaka iyaka da su zuwa ƙasar da muke maƙwabtaka da ita. Can masu sayen suke. Ɗan tsako da guzurinsa yake fitowa a ciki, yana iya yin kwana biyu ko uku bai ci ba bai sha ba, shi ya sa ake iya tafiya da shi nesa. Sau biyu a mako motar ke fita. Ni kuma ina da 'yar rumfa a wajen ƙofa. Ƙwan da inji ba zai karɓa ba, wanda ya yi ƙanƙanta, ko mai gwaiduwa biyu, ko wanda ya ɗan tsage, shi ake fito mini da shi in dafa in sayar wa ma'aikata da direbobi. To kun ga duk abin da ya faru a ƙofar nan a kan idona ya faru.

Kwamin na siminti ne, tsawonsa taki biyu, ruwan cikinsa yana rufe idon sawu. A gefensa akwai babba, wanda mota ke bi ta ciki tayoyinta su jiƙe. Kowace safiya Tsoma zai kwashe ruwan jiya, ya goge kwamin da buroshi, ya auna magani da wani gwangwanin madara da ya yi wa zane da ƙusa, ya zuba a sabon ruwa ya yi fari fat, warin asibiti ya tashi. Bayansa ga takalman roba a jere, an kife su a kan sanduna, kowa da nasa.

Rannan mai gona ya zo da sabon takalmi na fata, yana sauri, yana waya. Tsoma ya sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, tsoma."

"Ni ma, Baba?"

"Cutar ba ta san kai ne mai gona ba."

Haka bawan Allah ya tsoma takalminsa yana dariyar yaƙe. Direban motar tsaki, wani dogo mai surutu da kowa ke kira Dogo, shi ne abokin tsokanarsa. Ya ce, "Baba Tsoma, in surukinka ne ya zo fa?" Ya ce, "Shi har gwiwa."

Akwai doka guda da ta fi tsoma ƙafa tsanani. Likitar dabbobi da ke duba gonar, wata yarinya siririya mai tabarau, ita ta kafa ta: duk wanda ya taɓa tsuntsun waje, kazar gida ce ko tsuntsun daji, mai rai ko matacce, kwana uku ba ya kusantar ƙofar gona. Sauran ma'aikata sun ji da kunne ne kawai. Tsoma kuwa ya ɗauke ta ya ɗora a ka. Gidansa ko gashin kaza ba ka gani. Matarsa, wadda har yau nake kira Amarya ko da yake ta yi jikoki, ta sha yin mita, wai mijinta na gadin dubban kaji amma ita ko zakaran da zai tashe ta ba ta da shi. Ni kaina ya taɓa kora ta. Kazar wani ce ta shigo rumfata, na kama ta da hannu na jefar waje, ashe yana kallo. Ya zo ya ce, "Yaya, kwana uku." Na ce, "Ni? Ni da na wanke maka kashi?" Ya ce ya sani, kwana uku dai. Na zage shi tas, na kwashe tirena, na yi kwana ukun a gida.

Kuma a duk shekarun nan bai taɓa fashi ba. Ranar da Amarya ta haifi ɗan autansu sai da ya cika kwami sannan ya tafi ganin jariri. Da ƙafarsa ta kumbura a kan kujera ya zauna yana cewa tsoma.

Shekarar da abin ya faru, da sanyi ya shigo, tsuntsayen ruwa suka zo kamar yadda suka saba zuwa, daga inda Allah kaɗai ya sani. Sai muka ji masunta sun tsinci matattun agwagin ruwa a wani babban tafki, tafiyar yini guda a mota daga wurinmu. Aka gwada, aka ce murar tsuntsaye ce. Mu dai muka ce Allah ya kyauta, muka ci gaba da harkarmu. Kajin gonarmu ko atishawa ba wadda ta yi.

Ranar Talata Dogo ya fita da lodi da safe. Ranar Laraba da la'asar sai ga shi ya dawo da lodinsa. Motar tsaki tun daga nesa ake jin ta, ciu-ciu kamar kasuwa. Rannan sai da ta tsaya a gaban rumfata na ji wani ɗan sauti can ƙasa-ƙasa. Dogo ya sauko idonsa ja. Ya ce ya kwana a layi a bakin iyaka, ya nuna takardu, ma'aikacin wancan ɓangaren ko karɓa bai yi ba, ya ce daga sama aka ba da umarni, ba tsaki ba ƙwai daga yankinmu. Tsoma ya nuna masa babban kwami, motar ta bi ta ciki.

Waɗanda suka rayu a cikin 'yan tsakin aka rabar da wasu, aka sayar da wasu a banza, to wa zai ɗauki dubban tsaki a yini ɗaya a garin da kowa ya ji sunan cuta? Sauran aka yi musu rami a bayan gona. Ban je na gani ba. Mai shara, wata bazawara mai 'ya'ya biyar, ita ta gani, ta zo ta zauna a rumfata ta mayar mini da ƙwan da na ba ta.

Washegari likita ta tara mu a bakin ƙofa ta yi bayani. Ta ce a ƙa'ida tsuntsun daji daban, kazar gona daban, bai kamata a rufe mana hanya ba tunda gonar lafiya take. Amma su ke saye, iyakarsu ce, sun ce tsoro suke ji. Sharaɗinsu shi ne a yi kwana talatin cur ba a sake samun mataccen tsuntsun daji mai cutar ba a duk yankinmu. In aka samu ko ɗaya, lissafi ya koma farko.

Na ce, "Tsaya, 'yata. Agwagwar da ta shigo ba fasfo ba wanda ya tare ta, tsakon da ke da takarda bakwai da hatimi shi aka hana fita?"

Ta ce, "Haka ne, Iya."

"To a je a kama agwagwar mana."

Aka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Dogo ya samo alli yana ja mana layi a bangon da ke bayan rumfata, kullum ɗaya. Mun kai tara aka tsinci zalɓe a bakin wani kogi, a wani garin da ban taɓa jin sunansa ba. Ya goge, ya sake farawa. A ranar mai gona ya tara ma'aikata. Mutum ne mai ƙiba, amma a 'yan kwanakin nan wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce kaza ba ta san an rufe iyaka ba, kullum sai ta ci. Zai iya ciyar da su wannan kwana talatin ɗin da aka sake farawa. In lissafi ya kuma komawa farko, zai kira mahauta su kwashe kajin, ya sa wa gonar kwaɗo. Bai ɓoye ba, bai yi ado da maganar ba. Mutum sittin da wani abu ke ci daga gonar nan, ban da irina da ke raɓe a bakin ƙofa.

Daga ranar kowa ya koma kallon sama. Mutanen da a da ba su san bambancin balbela da hankaka ba suka zama masana tsuntsu. Abu ya gifta sai ka ji an ce, wannan na ruwa ne ko na tudu? An kashe injin ƙyanƙyasa, ƙwai ya yi ta taruwa, ana fito mini da shi kiret-kiret, manya masu kyau irin waɗanda a da ko a mafarki ba na samu, amma ba mai saye. Mutum zai zo wucewa ya ga ƙwai ya toshe hanci, kamar cutar za ta yi tsalle daga tire ta kama shi. Tsoma kuwa ya ƙara wa kansa aiki. Safe da yamma yana zaga shingen gona da tsohuwar garwa da sanda, yana kaɗawa don kada tsuntsu ya sauka.

Layi ya kai ashirin. Ya kai ashirin da biyar. Dogo ya wanke motarsa, ya duba taya. Mai shara ta fara dariya da haƙoranta duka. Aka ce a fara shirin kunna inji.

Ranar da layi ya cika ashirin da bakwai, bayan la'asar, ina haɗa kayana sai na ji garwar Tsoma ta yi shiru. Can sai ga shi, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa.

"Yaya, zo ki gani."

Na bi shi ta bayan shinge, wajen magudanar ruwan da ke fita daga gona. Ga ta nan a cikin ciyawa, agwagwar ruwa, 'yar ƙarama mai ruwan ƙasa, wuyanta ya juye baya. Ba rauni a jikinta, ba jini. Ko ƙuda bai gama gano ta ba.

Na duba gabas na duba yamma, ba kowa. Na ce, "Binne ta."

"Likita ta ce in aka ga irin wannan a kira ta."

"Likita ta ce! In likita ta ce ka faɗa rijiya sai ka tambayi wacce? Kwana uku ya rage, Tsoma. Uku."

"In cutar ce fa?"

"In cutar ce, ta mutu da abinta. Kajinka ne suka kashe ta? A cikin gona ka same ta? Ko tsufa ne ya kashe ta, ko wani abu ta ci, wa ya sani? Ka kira likita, ta sa ta a leda, a kai ɗakin gwaji, a goge allon Dogo. Sai ka je ka gaya wa mai shara abin da za ta ba 'ya'yanta biyar. Sai ka gaya wa matan da ke zaɓen ƙwai. Sai ka gaya mini ni, da tsufana, inda zan kai rumfata."

Ya tsaya yana kallon agwagwar. Na ce to ba ni shebur in yi da kaina. Nan ne ya motsa. Ya ce a'a, ni tari nake yi, kuma ba zan iya rami mai zurfi ba, kare zai tone. Ya koma ɗakin gadi ya ɗauko shebur da leda da galan ɗin magani. Ya yi rami har ƙugunsa. Ya sa leda biyu-biyu a hannu, ya ɗauke ta a hankali ya sa a ciki, ya kwarara magani, ya mayar da ƙasa, ya tattake, ya jawo busasshiyar ciyawa ya rufe. Ko kallona bai yi ba. Ni kuwa na tafi gida ina jin na yi abin kai. Na ce yau dai, shekara sittin, na sa yaron nan ya yi hankali irin na mutane.

Da safe na iso rumfa, ƙofa ba Tsoma. Ruwan jiya na nan a kwami, ya yi baƙi. Ma'aikata sun yi cirko-cirko, ba wanda ya iya shiga, kamar an ɗauke musu ƙofar gaba ɗaya. Sai ga Amarya da gwangwanin madara a hannu. Ta ja ni gefe.

"Yaya, wai a ba mai shara, ta cika zuwa zanen nan, sau biyu a ƙaramin kwami, sau shida a babba. Wai shi sai bayan kwana uku."

Na bar tirena a nan na nufi gidansa, ina tafiya ina haki. Na same shi a tsakar gida a kan tabarma. Takalmansa na jiƙe a baho, ruwan fari fat. A kusurwa ga tokar kayan da ya sa jiya, ya ƙone su har hula.

"Kai wane irin mutum ne? Tashi ka tafi aiki!"

"Na taɓa tsuntsun waje, Yaya."

"Da leda a hannunka! Biyu-biyu! Ina tsaye!"

"Dokar ba ta ce ban da mai leda ba."

"Wa ya sani? Ni da kai ne kawai muka sani!"

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Na ɓoye wa likita, kin sa ni na yi. In na je ƙofar nan da abin a jikina, kowa ta gabana yake wucewa ya shiga wurin kaji. In na kai musu fa? Shekara ashirin da uku ba abin da ya shiga ta ƙofata."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na tuna masa da nonon da muka sha, har na yi kukan ƙarya. Ya sunkuyar da kai kawai, irin sunkuyawar da na sani tun yana tsaron hatsi a cikin ruwa.

Na koma ƙofa ina tunanin abin da zan ce. Da na ce rasuwa aka yi mana a ƙauye, da na ce surukinsa ne ba lafiya, da wataƙila an wuce wurin. Amma bakina ya riga kaina. Dogo ya tambaya, na ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi.

Dogo ya ce, "Baba Tsoma? Zazzaɓi? Iya, mutumin da ya zo aiki da ƙafa kamar turmi?"

Na ce, "To wannan ya fi ƙarfinsa. Kai likita ne?"

Ban san likitar na bayana ba. Ta ce, "Iya, zazzaɓi kika ce? Tun yaushe? Yana tari?" Fuskarta ta canza. Ni ina zan san cewa a irin wannan lokaci in ma'aikacin gonar kaji ya yi zazzaɓi ba ƙaramar magana ba ce, wai cutar takan kama mutum? Na fara gyara zance, na ce ɗan ciwon kai ne, ya ma ji sauƙi. Ta riga ta buɗe mota. Ta ce in shiga in nuna mata gidan.

Ta rufe hancinta da ƙyalle ta yi sallama. Ta same shi zaune garau, yana gyara wa jikarsa takalmi. Ta taɓa goshinsa. Sannan ta dubi bahon, ta dubi tokar. Yarinyar nan ba wawuya ba ce. Ta sauke ƙyallen a hankali.

"Baba, kwana nawa za ka yi ba ka zo ba?"

"Uku, likita."

"Ni na kafa dokar kwana uku. Me ka taɓa?"

Na yi caraf na ce, "Kazar maƙwabta ce ta faɗo masa ta katanga, ya kama ta ya mayar. Kin san halinsa."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Baba, kaza ce?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Na zare masa ido irin wanda nake zare masa yana ƙarami. Amarya ta tsaya a ƙofar ɗaki da ludayi a hannu. Sai ya ɗago kai.

"Agwagwar ruwa ce, likita. Bayan shinge, wajen magudana. Na binne ta jiya."

Likita ta nemi bokiti ta kife ta zauna a kai. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce, "Da ma ban zo ba."

Na durƙusa a gabanta, ni da na haifi wadda ta girme ta. Na ce, "'Yata, ai ba ki zo ba. Ba ki ji komai ba. Tsoho ne, ruɗewa yake yi. Kwana biyu ya rage, ki dubi Allah ki dubi mutanen nan."

Ta ce, "Iya, tashi don Allah. Takardar da tsaki ke tsallaka iyaka da ita, ni ke sa mata hannu. In na sa hannu alhali na san da wannan, wani abu ya ɓulla a can, ba kwana talatin za su ce ba, ba za su sake karɓar ko ƙwai ɗaya daga wurinmu ba har abada. Kuma gona ba tamu kaɗai ba ce a yankin nan." Idonta ya kawo ruwa. Na so in zage ta, na rasa ta inda zan kama.

Da yamma suka zo da fararen kaya har ka, suka tone ramin. Muka yi kwana huɗu muna jira, wai ko Allah zai sa ba cutar ba ce. Dogo bai ja layi ba, bai kuma goge ba. Rana ta biyar likita ta zo, tun daga yadda ta rufe ƙofar mota muka gane. Dogo ya ɗebi ruwa a butata ya watsa wa bangon.

An gwada kajin gonar kafin a sayar, ɗaki-ɗaki. Lafiyarsu ƙalau, ko ɗaya ba ta da komai. Mahauta suka zo da motocinsu, kwana uku ana lodi, gashin kaza ya cika titi har cikin rumfata. Tsoma ya koma bakin aikinsa, kuma duk motar da ta zo kwasar kajin zuwa mayanka sai da ya sa ta bi ta cikin kwami. Wani mahauci ya ce, "Baba, yanka su za mu yi fa." Ya ce, "Tsoma dai."

Wasu ma'aikatan sun daina gaishe shi. Wani ya tofar da yawu kusa da ƙafarsa. Mai shara ta miƙa masa gwangwaninsa ta wuce da tsintsiyarta a kafaɗa. Mai gona ne kawai ya tsaya a ranar ƙarshe, ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Baba, kai da ba ka iya ƙarya ba, wa ya sa ka fara?" Tsoma bai nuna ni ba. Ina zaune a rumfa ina jin su, na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Har yau ina juya abin a raina. In da ya kira likita tun da la'asar ɗin nan, lissafi zai koma farko. Da ya binne, ya koma farko. In da ma bai gan ta ba, wa ya san ko wani yaro mai kiwo zai tsince ta washegari? Ta ko'ina na bi, a wuri ɗaya nake fitowa. Amma dai ni na sa shi ya yi abin da bai taɓa yi ba, kuma ni na ce zazzaɓi.

Da zafi ya shigo tsuntsayen suka tashi suka koma inda suka fito, ba wanda ya tare su. Bayan wata biyu aka buɗe iyaka. Masu sayen can sun riga sun samu wasu masu kawo musu tsaki daga wata ƙasar. Dogo yanzu siminti yake ja. Ni na koma bakin tasha da tirena, ƙwan kasuwa nake saye kamar kowa. Mai gona ya ce wataƙila baɗi ya sake zuba kaji, in ya samu wanda zai tallafa masa. Ya bar Tsoma gadin ginin, don kada a kwance masa kwanon rufi.

Kwanan baya, bayan an yi ruwan farko, na kai masa abinci saboda Amarya ba ta jin daɗi. Na same shi a durƙushe a ƙofa yana kwalfe ruwan sama daga kwami da gwangwanin nan. Wai in ya bar shi tsuntsaye za su saba da sha a wurin.

Na ce, "Ba kaza ko ɗaya a ciki, Tsoma. Wa kake karewa?"

Ya ce, "In sun dawo, Yaya."

Rana ta yi zafi, na ce bari in shiga ɗakin gadi in ajiye masa kwanon a inuwa. Na ɗaga ƙafa zan wuce ta gefe, sai na ga idonsa a kan takalmina. Tun ranar agwagwar nan bai ƙara ba ni umarni ba. Kwamin ba magani, sai ɗan danshi da ganye biyu. Na koma da baya, na sa ƙafar dama a ciki, na sa ta hagu, sannan na shiga.